Wa ke da izinin taɓa me a rumbun bayanai? Sharhi kan sabbin ƙa'idojin PostgreSQL da MySQL

Mai haɗa manhaja ya girka PostgreSQL, manhajar sarrafa rumbun bayanai, a sabuwar saba (kwamfutar da ke riƙe bayanai tana yi wa wasu hidima), ya buɗe rumbun bayanai, ya buɗe wa manhajarsa asusu, sannan ya rubuta umarnin da ya saba rubutawa shekara da shekaru: GRANT ALL PRIVILEGES ON DATABASE. A tunaninsa ya ba ta komai. Da manhajar ta zo ƙirƙirar teburinta na farko sai rumbun ya ƙi, ya mayar da saƙon "permission denied for schema public", wato ba ta da izinin ƙirƙirar komai a sashen da ake kira public. Tun ranar 13 ga Oktoban 2022 da aka fitar da PostgreSQL 15 wannan saƙo ke ɗaure wa mutane kai. Masu amfani da MySQL, wata manhajar rumbun bayanai, ma suna shan nasu: tsohuwar manhajar da take shiga rumbu lafiya lau sai ta wayi gari an ƙi karɓar kalmar sirrinta bayan an koma sigar 8.4.

Ba lalacewa ba ce. Da gangan masu gina waɗannan manhajoji suka sauya ƙa'ida. A da ƙofa a buɗe take zuwa sai ka rufe, yanzu a rufe take zuwa sai ka buɗe wa wanda ka zaɓa. Kauce wa sauyin kuma yana ƙara wuya, domin wa'adin tallafin MySQL 8.0 shi ne Afrilun 2026, na PostgreSQL 14, wanda shi ne na ƙarshe mai tsohuwar ƙa'ida, Nuwamban 2026. Sigar da wa'adinta ya cika ba a ƙara toshe mata ɓarakar tsaro.

## Rumbu, asusu, izini da muƙami

Rumbun bayanai mai alaƙa shi ne wanda ke ajiye bayanai a tebura. Kowane tebur yana da layuka a kwance, layi ɗaya na mutum ɗaya ko ciniki ɗaya, da ginshiƙai a tsaye: na suna, na lambar waya, na kuɗin da aka biya. Ana haɗa tebur da tebur ta wata lamba da suka yi tarayya a kai, kamar lambar majinyaci da ke cikin teburin magani da kuma teburin biyan kuɗi. PostgreSQL, MySQL, MariaDB, Oracle da SQL Server na Microsoft duk irin wannan ne, kuma da harshen SQL ake ba su umarni. Bankuna, asibitoci, jami'o'i da kamfanonin waya galibi a irinsa suke ajiye bayanan mutane.

Abubuwa biyu ake yawan cakuɗawa: tantance wanda ya zo, da tantance abin da aka yarda ya yi. Maigadin ma'aikata yana duba katinka ya bar ka ka shiga, amma ba shi ke riƙe da makullin ofishin akanta ba. Asusu da kalmar sirri su ne katin. Izini shi ne makullin kowane ofis. SELECT izinin karantawa ne, INSERT na ƙara layi, UPDATE na gyarawa, DELETE na gogewa. Akwai kuma izinin da ya shafi ginin kansa, kamar CREATE na ƙirƙirar tebur. Da GRANT ake bayarwa, da REVOKE ake janyewa.

Muƙami kuwa tarin izini ne da aka sa wa suna. Maimakon a bi ma'aikata ashirin ɗaya bayan ɗaya ana ba kowa izini, sai a ƙirƙiri muƙamin "akanta", a zuba masa abin da aikin akanta ke buƙata, sannan a naɗa mutum a kai. Ranar da ya bar aikin sai a sauke shi.

Sama da kowa akwai babban asusu mai wuƙa da nama. A PostgreSQL galibi sunansa postgres, a MySQL root, a SQL Server sa, a Oracle kuma SYS. Mai riƙe da shi yana iya karanta komai, ya goge komai, ya buɗe asusu, ya rufe asusu.

Ko ma'anar asusu ba ɗaya ba ce a ko'ina. A MySQL asusu suna ne haɗe da inda aka fito, don haka 'akawu'@'localhost' da 'akawu'@'%' asusu biyu ne daban, kowanne da kalmar sirrinsa da izininsa. Alamar % na nufin daga kowace kwamfuta. A PostgreSQL tun sigar 8.1 ta 2005 aka haɗe asusu da rukuni suka zama abu ɗaya: komai muƙami ne, wanda aka ba damar LOGIN shi ne ake ɗauka a matsayin asusu. SQL Server ya raba asusun shiga saba da asusun cikin kowane rumbu, ya kuma ƙara umarnin DENY, wanda ke hana mutum abu ko da wani muƙaminsa ya ba shi.

## Inda tsarin ya samo asali

A 1970 Edgar Codd na kamfanin IBM ya fitar da tunanin ajiye bayanai a tebura masu alaƙa. A 1976 wasu masu bincike biyu a IBM, Patricia Griffiths da Bradford Wade, suka bayyana tsarin izini na rumbun gwaji da ake kira System R. Daga nan GRANT da REVOKE suka fito. Ginshiƙin tsarinsu shi ne wanda ya ƙirƙiri tebur shi ne mai shi, shi yake ba wanda ya ga dama, kuma yana iya ba wani damar ya ba wasu. Shekara ɗaya kafin haka, Jerome Saltzer da Michael Schroeder sun tsara ƙa'idar da har yau ake kafa hujja da ita: kowane mutum da kowace manhaja su yi aiki da mafi ƙarancin izinin da aikinsu ke buƙata.

An gina wannan tsari ne don 'yan ma'aikata da suka san juna a kan babbar kwamfuta guda. Da ma'aikatu suka girma sai bin mutum ɗaiɗai ya gagara, aka zo da muƙamai. Oracle 7 ya kawo su a 1992, suka shiga ƙa'idar SQL ta 1999. MySQL bai same su ba sai a sigar 8.0 ta Afrilun 2018.

A tsawon waɗannan shekaru masu gina rumbu sun fifita sauƙin girkawa a kan tsaro. Oracle ya daɗe yana zuwa da asusun gwaji mai suna scott da kalmar sirri tiger, abin da duk mai harkar ya sani. A watan Mayun 2002 wata muguwar manhaja mai yaɗa kanta da ake kira Spida ta bi intanet tana neman SQL Server ɗin da aka bar asusun sa babu kalmar sirri, ta kuma samu da yawa. Sauye-sauyen yanzu ci gaba ne na gyaran wannan tsohuwar ɗabi'a.

## Abin da PostgreSQL ya sauya, da dalilinsa

A cikin kowane rumbun PostgreSQL akwai sassa, kuma tebura a cikin sassan suke zama. Sashen da kowane sabon rumbu ke zuwa da shi sunansa public. Akwai kuma wani muƙami na musamman, PUBLIC, wanda kowane asusu yake cikinsa ko an so ko ba a so. Har zuwa sigar 14, PUBLIC yana da izinin ƙirƙirar abubuwa a sashen public. Ma'ana, asusun da aka buɗe wa ɗan koyon aiki don ya duba rahoto kawai yana iya ƙirƙirar tebur ko ɗan shiri mai aiki a wurin da kowa ke amfani da shi.

Haɗarin ya wuce cika rumbu da tarkace. A watan Maris na 2018 aka sanar da ɓarakar da aka ba lambar CVE-2018-1058, kuma ga yadda take aiki. Idan mutum ya kira wani aiki da sunansa kawai, misali lower, wanda ke mayar da manyan haruffa ƙanana, rumbun yakan duba sassan da ke cikin jerin nemansa ya zaɓi wanda ya fi dacewa da irin bayanin da aka ba shi. Sashen public yana cikin wannan jeri. To mai ƙaramin asusu zai iya rubuta nasa aikin ya sa masa suna lower, ya tsara shi yadda zai fi na asali dacewa da wani irin ginshiƙi, ya ajiye a public, ya koma gefe. Ranar da mai babban asusu ya rubuta umarni mai ɗauke da lower a kan irin wannan ginshiƙi, aikin da aka dasa ne zai gudu, kuma da ikon wanda ya kira shi zai gudu. Layi ɗaya a ciki ya isa ya mayar da ƙaramin asusun babba. Ba a saci kalmar sirrin kowa ba, ba a fasa komai ba. An yi amfani ne da izinin da rumbun ya bayar da kansa.

Tun 2018 masu PostgreSQL suke ba da shawarar a janye wannan izini da hannu. A sigar 15 suka mayar da shi ƙa'ida, suka kuma sa wanda ya mallaki rumbu ya zama mai sashen public na cikinsa. Shi ya sa umarnin da aka ambata a farko bai yi aiki ba: izini a kan rumbu daban, izini a kan sashe daban. GRANT ALL ON DATABASE yana ba asusu damar shiga, da buɗe sabon sashe, da yin teburan wucin gadi. Bai taɓa ba da damar ƙirƙira a cikin public ba. A da PUBLIC ne ke cike wannan giɓi ba tare da kowa ya lura ba.

Sigar 16 ta Satumban 2023 ta taɓa wani wurin. Akwai damar CREATEROLE da ake ba wanda ke buɗe wa ma'aikata asusu. A da mai wannan dama yana iya sauya kalmar sirrin kusan kowane asusun da ba babba ba, ya kuma naɗa kansa a muƙamai masu ƙarfi. Yanzu ikonsa ya tsaya a kan muƙaman da aka ba shi shugabancinsu, ciki har da waɗanda shi ya ƙirƙira.

## Ɓangaren MySQL

Sauyin MySQL ya fi karkata ga bakin ƙofa. A da umarnin GRANT yana iya buɗe asusun da babu shi, don haka kuskuren harafi ɗaya a suna yakan haifar da sabon asusu. Sigar 8.0 ta hana: sai an yi CREATE USER tukuna. Ta kuma sauya yadda ake adana kalmar sirri, daga mysql_native_password, wanda ya dogara da lissafin SHA-1 da aka daɗe da daina amincewa da shi, zuwa caching_sha2_password. Sigar 8.4 ta Afrilun 2024 ta zo da tsohuwar hanyar a kashe, sai wanda ya kunna da kansa. Sigar 9.0 ta cire ta baki ɗaya. Asusun da bai koma sabuwar hanya ba, ko manhajar da ke amfani da tsohon mahaɗi (ɗan shirin da ke haɗa ta da rumbu), a waje za su tsaya.

Muƙaman MySQL suna da wani tarko. Naɗa mutum a muƙami bai isa ba, sai an kunna muƙamin da SET DEFAULT ROLE, ko a saita saba ta riƙa kunna su duka a lokacin shiga. In ba haka ba mutum zai shiga ya tarar ba ya iya taɓa komai, alhali a rubuce an ba shi.

## Yadda abin yake a aikace

A ɗauki wani ƙaramin asibiti mai teburin majinyata. Ginshiƙansa su ne lamba, suna, waya, cuta da magani. Mai karɓar baƙi tana buƙatar suna da lambar waya don ta ba da kati ta kuma tuna wa mutum ranar dawowa. Ba ta buƙatar sanin wane ne ke karɓar maganin tarin fuka, ko wace ce ta zo awon ciki. A PostgreSQL ana iya rubuta haka:

```
CREATE ROLE karbar_baki NOLOGIN;
GRANT USAGE ON SCHEMA asibiti TO karbar_baki;
GRANT SELECT (lamba, suna, waya) ON asibiti.majinyata TO karbar_baki;
CREATE ROLE tebur1 LOGIN IN ROLE karbar_baki;
```

Layi na uku shi ne zuciyar abin. Asusun tebur1, wanda mai karɓar baƙi ke shiga da shi, zai ga ginshiƙai uku kaɗai. Idan aka nemi ginshiƙin cuta da shi, rumbun da kansa zai ƙi, ko ta wace manhaja aka biyo. Idan kuma asibitin yana da reshe biyu, kuma ba a son ma'aikacin wannan reshe ya ga majinyatan wancan, akwai tsaron layi-layi, wanda PostgreSQL ya kawo a sigar 9.5 cikin 2016, SQL Server ma a sigarsa ta 2016.

Daga nan ne ƙananan abubuwan da ke ba mutane wahala suke fitowa. GRANT SELECT ON ALL TABLES teburan da ke nan a ranar kawai yake shafa. Teburin da aka ƙirƙira gobe ba ya ciki sai an yi ALTER DEFAULT PRIVILEGES, shi ma ga abin da wani takamaiman muƙami zai ƙirƙira kaɗai yake aiki. Tsaron layi-layi ba ya hawa kan mai tebur sai an tilasta da FORCE ROW LEVEL SECURITY, kuma ba ya hawa kan babban asusu sam. Wannan na nufin idan manhajar asibitin tana shiga da asusun da ya ƙirƙiri teburan, duk dokokin da aka rubuta ba sa aiki a kanta, kuma babu saƙon da zai faɗa wa kowa.

Janye izini ma ba kai tsaye ba ne. Idan an ba shugaban sashe izini da WITH GRANT OPTION, shi kuma ya ba wasu uku, me zai faru da ukun idan aka janye nasa? PostgreSQL zai ƙi janyewa sai an ƙara CASCADE, wanda zai kwashe har da nasu. A Oracle izinin tebur yana zubewa daga hannun duk waɗanda aka ba, amma izinin gudanarwa da aka bayar da WITH ADMIN OPTION yana zama a hannunsu. A MySQL izinin mutum ukun yana nan daram. Haka kuma a MySQL goge tebur ba ya goge izinin da aka bayar a kansa, don haka idan aka sake ƙirƙirar wani tebur da wannan suna, tsofaffin masu izini sun gaje shi. Ma'aikacin da ya bar aiki kuwa, PostgreSQL ba zai yarda a goge asusunsa ba matuƙar yana da abin da ya mallaka, sai an mayar da mallakar ga wani da REASSIGN OWNED. Nan ne mai kula da rumbu yakan ce sai an samu lokaci, asusun ya ci gaba da zama a buɗe.

## Inda masana suka saba

Babban saɓanin shi ne a ina ya kamata a yi tsaron: a cikin rumbu ko a cikin manhaja.

Mafi yawan manhajojin intanet na yau da asusu ɗaya suke shiga rumbu, ko mutum dubu ne ke amfani da su. Manhajar ce ke tantance wa zai ga me. Masu wannan ra'ayi suna da hujjoji na gaske. Buɗe hanya tsakanin manhaja da rumbu yana cin lokaci da ƙarfin saba, don haka ake buɗe 'yan hanyoyi a riƙa juya su tsakanin jama'a, kuma hakan ya fi sauƙi da asusu guda. Dokokin aiki kamar "manaja zai iya amincewa da bashi in bai wuce kaza ba, kuma in ba shi ya shigar da buƙatar ba" sun fi sauƙin rubutawa da gwadawa a manhaja. Ba kuma wanda zai buɗe wa kowane abokin ciniki na banki asusu a rumbu.

Ɗaya ɓangaren yana cewa manhaja ba ita kaɗai ce hanyar shiga ba. Akwai mai haɗa rahoton wata, akwai mai ɗaukar kwafin ajiya, akwai ɗan kwangilar da aka kira gyara, kuma duk waɗannan kai tsaye suke shiga. Sannan manhajar kanta tana iya samun ɓaraka. Idan mai kutse ya cusa umarnin SQL ta gurbin rubuta suna a shafin intanet, umarnin da ikon asusun manhajar yake gudu. Ta wannan hanya aka kwashi bayanan mutum kusan 157,000 daga kamfanin TalkTalk na Birtaniya a 2015, hukumar kare bayanai ta ƙasar ta ci shi tarar fam 400,000. Taƙaita izini ba ya toshe irin wannan ɓaraka. Abin da yake yi shi ne iyakance abin da za a iya ɗauka ta cikinta. Asusun da ke karanta tebura biyu, tebura biyu za a kwasa da shi. Idan kuwa root ne ko postgres, za a iya wuce rumbun zuwa fayilolin sabar kanta.

Idan aka auna, ra'ayoyin biyu ba su ci karo da juna kamar yadda ake zato ba. Ana iya barin dokokin ciniki a manhaja, a kuma raba asusunta uku: wanda ke mallakar tebura yana sauya fasalinsu lokacin sabuntawa kawai, wanda ke aikin yau da kullum ba tare da ikon goge tebur ba, da wanda ke karatu zalla don rahoto. Abin da babu mai kare shi da hujja shi ne manhaja ta riƙa shiga da babban asusu, duk da cewa a ƙananan wurare abu ne da ake yawan gani.

Saɓani na biyu a kan tsada ne. Kamfanin da ke da mai haɗa manhaja ɗaya, wanda shi ne mai kula da saba kuma shi ne mai gyaran firinta, yana ganin muƙamai goma ɓata lokaci ne. Akwai gaskiya a ciki, domin tsarin da ya cika sarƙaƙiya yakan sa ma'aikata su riƙa aron kalmar sirrin juna don aiki ya tafi, daga nan kuma ba a sanin wa ya yi me. Shi ya sa amsar da ta fi yawo ga saƙon "permission denied" ita ce a mayar wa PUBLIC izininsa da layi ɗaya. Layin yana aiki, amma ya dawo da ɓarakar 2018 yadda take. Gyaran da ya dace bai fi shi tsawo ba: a mai da asusun manhajar mamallakin rumbunta, ko a buɗe mata sashenta, ko a ba ita kaɗai CREATE a kan public.

Na uku shi ne mai kula da rumbun kansa. Wasu na ganin dole a amince masa tunda babu yadda za a yi aiki ba shi. Wasu na cewa a raba ikon: mai gyaran rumbu kada ya ga abin da ke cikin tebura, kuma a riƙa rubuta duk abin da ya yi a wurin da hannunsa ba ya kai. Don haka aka yi kayan aiki irin su Database Vault na Oracle da pgAudit na PostgreSQL. Bankuna sun fi karkata ga na biyun, ƙananan wurare ga na farko, galibi saboda ƙarancin ma'aikata.

## Desjardins da Snowflake

Abubuwa biyu da suka faru sun nuna iyakar izinin cikin rumbu. A watan Yunin 2019 ƙungiyar ajiya da lamuni ta Desjardins da ke Kanada ta sanar cewa wani ma'aikacinta ya fitar da bayanan abokan hulɗa. Binciken kwamishinan kare sirri na ƙasar ya gano mutum miliyan 9.7 abin ya shafa, kuma an ɗauki aƙalla wata 26 ana yi. Abin lura shi ne izinin ma'aikacin a rumbunan da bayanan suke taƙaitacce ne. Abokan aikinsa da ke da izini ne suke kwafo bayanan don aikinsu na talla suna ajiyewa a ma'ajiyar fayil ta bai-ɗaya, shi kuma daga can yake ɗauka ya zuba a filashi. Izinin SELECT yana tantance wanda zai karanta, ba ya bin bayani bayan an kwafe shi. Daga baya Desjardins ta amince ta biya kusan dalar Kanada miliyan 200 don sasanta ƙarar da aka shigar.

A 2024 kuma aka shiga asusun kamfanoni da dama da ke ajiye bayanai a dandalin Snowflake, ciki har da AT&T da Ticketmaster. Kamfanin bincike na Mandiant ya ce an sanar da kusan hukumomi da kamfanoni 165. Ba a fasa dandalin ba. Da kalmomin sirri na gaske aka shiga, waɗanda aka sace daga kwamfutocin ma'aikata da 'yan kwangila, wasu tun 2020 kuma ba a taɓa sauya su ba. Asusun ba su da mataki na biyu na tantancewa, ba a kuma iyakance daga inda za a iya shiga ba. A idon rumbun, mai izini ne ya zo yana karanta abin da aka yarje masa.

## Abin da ya shafi sauran jama'a

Wanda bai taɓa rubuta layin SQL ba shi ma yana cikin waɗannan tebura. Duk wanda ya buɗe asusun banki, ya yi rajistar layin waya, ya karɓi katin asibiti ko ya nemi bashi ta manhajar waya ya bar sunansa, adireshinsa, wani lokaci da lambar BVN ko NIN a wani rumbu. Kalmar sirri ana sauya ta idan ta fita. Ranar haihuwa, sunan mahaifiya da tarihin rashin lafiya ba sa sauyuwa. Ɗan damfarar da ya kira yana faɗin cikakken sunan mutum da bankinsa ya fi saurin samun yarda fiye da mai lalube. Izinin UPDATE da ya yi yawa kuma yana da nasa illar: makin ɗalibi, ragowar bashi ko sunan mai fili ana iya sauya su, kuma idan ma'aikata biyar suna shiga da asusu ɗaya babu hanyar gane wanda ya sauya.

A ɗan gajeren lokaci abin da jama'a za su fi gani shi ne tsaiko. Lokacin da ma'aikatu ke ƙaura zuwa sabbin sigogi za a samu tashar biyan kuɗi da ta tsaya, ko akawun da zai ce ba ya iya buɗe shafin da yake buɗewa jiya sai an kira na sama. Wani ɓangare na wannan kuskuren ƙaura ne, wani kuma tsarin ne ke yin abin da aka gina shi don ya yi.

A Najeriya batun yana da nauyin doka. Dokar Kare Bayanai ta 2023, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin shekarar, ta kafa hukumar NDPC, ta wajabta wa masu riƙe bayanan mutane ɗaukar matakan tsaro da suka dace, ta kuma ba su awa 72 su sanar da hukumar idan aka samu ɓarakar da za ta iya cutar da masu bayanan. Ga manyan masu riƙe bayanai tarar na iya kai naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa. Ga sauran, naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin 100. Dokar ba ta ambaci GRANT ko muƙami ba, amma ma'aikatar da aka tambaya wa ya ga bayanan wane, kuma yaushe, ba za ta iya amsawa ba idan kowa da root yake shiga. Nijar tana da hukumar HAPDP mai irin wannan aiki, Ghana kuma tana da dokarta tun 2012.

## Tsofaffin rumbuna ba su gyaru da kansu ba

Sabuwar ƙa'idar PostgreSQL sababbin rumbuna take shafa. Rumbun da aka ɗauko daga sigar 12 ko 14, ko ta pg_upgrade, shirin ƙaura zuwa sabuwar siga, ko ta maido da kwafin ajiya, yana tahowa da izininsa na da. An yi haka ne don kada manhajojin da ke aiki su tsaya, amma sakamakon shi ne ma'aikata tana iya kasancewa a sigar 16 ko 17 alhali sashenta na public a buɗe yake kamar a 2017. Wanda bai taɓa ganin saƙon ƙin izini ba bayan sabuntawa, mai yiwuwa wannan ne dalili. A MySQL ma tsofaffin asusu suna riƙe da tsohuwar hanyar kalmar sirri har sai an sauya kowanne da ALTER USER.

Dubawa ba ta da wuya. A psql, shirin da ake rubuta wa PostgreSQL umarni a ciki, umarnin \dn+ public yana nuna wa ke da me a sashen, \du kuma yana jero muƙamai da waɗanda ke da cikakken iko. A MySQL teburin mysql.user yana nuna kowane asusu, inda aka yarda ya fito da hanyar tantance shi, SHOW GRANTS kuma yana nuna izininsa. Rufe tsohuwar ƙofar PostgreSQL layi ɗaya ne, REVOKE CREATE ON SCHEMA public FROM PUBLIC, a kowane rumbu daban, bayan an gwada a kwafi domin wata manhaja tana iya dogara da izinin ba a sani ba. Umarnin yana hana sabon dashe ne kawai. Abin da aka riga aka ajiye a public yana nan, don haka masu PostgreSQL suke ba da shawarar a bi sashen a nemo duk wani aiki da sunansa ya yi daidai da na ayyukan asali da ke sashen pg_catalog, a duba wanda ya ƙirƙire shi.